Sito a Legas: na ƙarfe ko na kankare?

'Yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege masu shirin gina sito sukan ji dillalai na yabon ginin ƙarfe, wai yana jure girgizar ƙasa da nauyin dusar ƙanƙara. Gaskiya ne. Ginin ƙarfe ba shi da nauyi sosai, kuma yakan lanƙwashe kafin ya karye, shi kuwa kankaren da aka rage wa rodi farat ɗaya yake zubewa, kamar yadda aka gani a girgizar ƙasar Turkiyya a 2023. Amma dusar ƙanƙara ba ta sauka a Legas, girgizar ƙasa ma ba ita ce damuwarmu ba.

Abokin gabar ƙarfe a nan tsatsa ce. Iskar teku mai gishiri, musamman wajen Apapa, tana cin ginshiƙi da wuraren walda idan ba a sabunta fenti. Guguwar damina kuma tana iya yaye kwano idan ƙusoshin ba su kama ba. Ga gobara: zafi ya kai digiri 600, ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa.

Kankare ya fi haƙuri da wuta. Sai dai nauyinsa na neman harsashi mai zurfi a ƙasa mai dausayi irin ta Lekki, kuma a wajensa ne aka fi ha'incin siminti da rodi, ɓarnar da ido ba ya gani.

Ni dai, in fili mai faɗi ake so babu ginshiƙai a tsakiya, don tirela ta shiga, ƙarfe zan zaɓa, in ware kuɗin fenti tun farko.