Sharhi: Zagayen ƙafa a fadamar Argungu tare da ɗan jagora

A Argungu akwai masu raka baƙi zagayen ƙafa, wasu samari ne, wasu kuma dattawan masunta. Zagayen da aka fi yi ya haɗa Gidan Tarihi na Kanta da fadama: daga bakin Matan Fada, sashen gulbin da ake gasar kamun kifi, a bi gefen gulbi, a ƙetare da kwalekwale, a ratsa gonakin shinkafa. Na bi wannan zagaye a cikin hunturu, kuma a ganina ya ci kuɗinsa da gajiyarsa, amma bisa sharaɗi biyu: ɗan jagoran ya kasance mutumin ruwa ne, sannan a juya tsarin tafiyar.

Tsarin da aka saba ba baƙo shi ne a fara da gidan tarihi, daga nan a gangara fadama. Wannan bai dace ba. Gidan tarihi sai an buɗe ofis ake shiga, kafin a gama zagaya ɗakunansa hantsi ya dubi ludayi, sai a iso fadama rana na tsaka. Fadama kuwa ba ta da inuwa, sai giginya ko gawo jefi-jefi, tsuntsaye sun watse, masunta sun koma gida. Abin da ya dace a fito bayan sallar asuba, a kasance a bakin ruwa kafin ƙarfe bakwai, a baro gonaki kafin sha ɗaya, sannan a ƙarasa a gidan tarihi inda kauri na ginin ƙasa ke riƙe sanyi. Masu rakiyar ba sa ƙin wannan canji idan an faɗa musu tun daren jiya.

Lokacin zuwa ma haka. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu shi ne daidai. A Agusta da Satumba gulbi yana cika ya malale fadama, balle idan aka saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori, hanyoyin ƙafa duk suna ƙarƙashin ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Makon bikin kamun kifi, wanda akan yi tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin kallo ne ba na tafiya ba: gari ya cika, masauki ya yi tsada, masu kwalekwale duk hankalinsu na kan gasa.

Inda wannan hidima ta fi burge ni shi ne sanin ƙasa. Tafiya a fadama ba ta kama da tafiya a kan tudu. Mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa a kan hanya, amma a kan kunyar shinkafa da kyar zai wuce 3, don haka zagayen kilomita 8 zai ci awa uku ko fiye idan aka haɗa da tsayawa da fito. Laka iri-iri ce. Akwai wadda ta bushe ta tsattsage, tana gurɗe idon sawu, kuma maciji yana fakewa a cikin tsagar. Akwai kunyar da ruwan inji ya jiƙa, mai santsi. Mafi hatsari ita ce wadda samanta ya bushe ya yi ɓawo alhali ƙarƙashinta taɓo ne, mutum ya taka ya nutse har gwiwa. Ɗan jagoran da ya san aikinsa yana tafe gaba da sanda yana caka ƙasa, yana kuma duba sawun shanu: inda kofato ya lume da zurfi har ruwa ya taru a ciki, ba a bi nan. Wanda ya nutse kada ya fizgi ƙafa sama da ƙarfi, takalmin zai bari a ciki. Ya jingina da sanda, ya ɗaga diddige a hankali har iska ta shiga, ƙafar za ta fito.

Shi ya sa maganar takalmi ba ƙarama ba ce, kuma masu rakiyar ba sa faɗa wa baƙo tun da wuri. Silifa ba ta da amfani a nan, taɓo ɗaya zai tsinka ta. Takalmin roba mai dogon wuya yana kare ƙafa daga ruwa da matsattsaku, amma idan aka yi awa uku a cikinsa zufa na taruwa, ƙafa ta yi bororo. Dabarar ita ce a yi tafiyar da kambas mai kaurin ƙasa da safa, a rataya na robar a jaka, a sa shi kawai inda za a ratsa ruwa. Dogon wando mai kauri ya fi, saboda ƙarangiya da kaifin ciyawa. A ƙara da malafa da man shafawa na korar sauro.

Ratsa ruwa da ƙafa tsirara shi ne abin da nake so kowa ya kiyaye. Yaran gari suna yi, ɗan jagora ma yakan yi, sai baƙo ya ɗauka ba komai. Ruwan da ke kwance a kududdufai da magudanan gona, inda bado da kainuwa suke, shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana fitowa cikin ruwa, ta fi yawa da tsakar rana, ta huda fata ta shiga ba tare da mutum ya sha ruwan ba. Fitsarin jini yakan bayyana bayan wata biyu zuwa uku, lokacin an manta da tafiyar. Wanda ruwan ya taɓa ya goge jiki da tawul nan take, amma kada ya dogara da hakan, in ya ga alama ya je asibiti a gwada fitsari, maganinta praziquantel ne. Sarar maciji kuwa, ko kububuwa ko gamsheƙa, ba a ɗaure wurin, ba a tsaga, ba a tsotsa. A kwantar da mutum, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kafin a tashi a tambayi ɗan jagora ko yana da lambar mai babur da zai iya shigowa har bakin gona.

Ruwan sha kowa ya ɗauki nasa, ba ya cikin hidimar. Lita biyu ga mutum ɗaya shi ne mafi ƙaranci, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ji ƙishi ba. Ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda ɗaya a lita ɗaya ake zubawa.

Fito shi ne raunin wannan zagaye. Masu kwalekwale gwanaye ne, ba a koya wa Bakabe ruwa, amma ba a ba fasinja rigar kariya daga nutsewa, kuma akan so a cika jirgi don a rage sawu. A duba gefen jirgin bayan kowa ya zauna: idan tsakanin ruwa da bakin katako bai kai taƙi guda ba, a rage mutane. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna tsakiya, jaka a ƙasa ba a baya ba, kada kowa ya miƙe don ɗaukar hoto. Mai zuwa da yara ya zo musu da rigar kariya daga gida.

Abin da ake gani ya biya wahalar. Da sassafe zalɓe na tsaye a gefen ruwa, balbela na bin shanu, garken kirinjijiya na wucewa da fito, zakaran ƙeƙuwa na ihu duk inda mutum ya doshi sheƙarsa. Ɗan jagora masunci zai nuna yadda ake kwanciya a kan gora a riƙe koma hannu biyu, ya bambance giwan ruwa da bargi da ragon ruwa, ya nuna inda gaiwa ke binne kanta a laka ta jira damina. Shi zai bayyana dalilin da ya sa ba a su a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, wanda shi ne sirrin manyan kifayen da ake gani ranar gasa. Bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

A cikin gonaki akwai ladabi. Ba a taka tiyon ban ruwa, ba a fasa kunya, domin ruwan da manomi ya sayi fetur ya jawo zai zurare gonar maƙwabci. A yi sannu da aiki kafin a wuce, a nemi izini kafin hoto, musamman inda mata suke.

Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. An zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Ɗakunan suna ɗauke da masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, tambura da layun yaƙi, kuma a nan ake binne sarakuna, don haka a shiga sashen kaburbura da natsuwa da addu'a. A nan ya kamata ɗan jagoran fadama ya ja baya ya bar ma'aikatan gidan su yi bayani, saboda masu rakiya sukan cakuɗa zamani, har baƙo ya fita yana zaton Kanta a gidan ya zauna. Muhammadu Kanta a ƙarni na 16 ya yi mulki, babban birninsa Surame ne. Wajen 1700 sarautar ta koma Birnin Kebbi, a 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, bayan haka ne Kabawa suka kafa kujerarsu a Argungu.

Wasu masu rakiyar sukan yi tayin a haɗa da Surame a yini ɗaya. Kada a karɓa. Kufan yana cikin jihar Sakkwato ta wajen Binji, ganuwarsa ta dutse tana da faɗi, tafiya ce ta yini guda mai zaman kanta, kuma sai an tuntuɓi hukuma da mutanen yankin kan halin tsaro kafin a kama hanya.

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kusan kilomita 50 ne, daga Sakkwato kusan 100, don haka mai son fitar asuba gara ya kwana a garin. Kuɗi kashi uku ne, na ɗan jagora, na fito, da na shiga gidan tarihi. A yanke kowanne daban tun kafin a tashi, a tabbatar kuɗin fito na zuwa da dawowa ne, a riƙe tsabar kuɗi ƙanana domin babu mai POS a tsallaken gulbi.