Kallon tsuntsaye a fadamar Nguru, wurin ya yi amma mai kwalekwale ya ɓata min rai

Duk Bazazzagin da yake ganin balbelun dam ɗin Samaru su ne tsuntsaye, ya daure ya je fadamar Haɗeja da Nguru da hunturu. Mu daga Kwangila muka hau mota zuwa Kano, daga nan Haɗeja, jiki ya gaya mana amma ba komai. Da asuba muka shiga ruwa, sanyi har cikin ƙashi, can sai ga kirinjijiya sun tashi garke guda suna wannan fito nasu, ga dinya, ga zalɓe a tsaye ko motsi ba ya yi, ga wasu ƙananan agwagi da tun daga Turai suke ƙetaro Sahara su zo cin sanyi nan, ba banza aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2000 ba. Furen bado kuwa fari fat ya rufe ruwa, amma sai ka yi sammako don rana na ɗagawa yake rufewa. A lokacin da an ce in ba da maki da goma cif zan bayar.

To amma mai kwalekwalen nan. Mun gama ciniki tun a bakin ruwa, muna kaiwa inda ciyawar kacala ta toshe hanya sai ya ajiye gorarsa ya ce Alhaji nan fa sai an ƙara wani abu. Na ce haba malam a tsakiyar ruwa? ba rigar ruwa ko ɗaya, ƙanena bai iya iyo ba, dole na ƙara. Kuma da muka kutsa ciki ciyawar ta fi mu tsayi, ba ka ganin komai sai sauro, kusan awa muna turawa har furen da na so ɗauka a hoto ya rufe. Kacalar dai ba laifinsa ba ne, tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar ta canza, ruwa ya koma kwanciya wuri ɗaya ciyawar ta samu gindin zama, tsuntsayen janbaki ma a ciki suke kwana suna cinye wa manoma shinkafa. Amma ai ya san da ita tun kafin mu tashi, me ya hana shi faɗa?

Wurin zan koma in Allah ya yarda, shi dai ba zai sake ganin sisina ba. In za ku je ku yi ciniki a gaban shaida, ku ce har da kacala a ciki.