Jel ɗin farmasi da na bakin kasuwa: abin da na gani bayan wata shida ina shafawa

Aikina ƙirga kuɗi ne a wani gidan aika kuɗi da ke kusa da babbar kasuwar Yamai, kuma duk wanda ya taɓa zama bayan irin wannan taga ya san yadda takardun jika da na dala ɗari suke isowa. Wasu suna zuwa da laima da ƙarnin kifi, wasu da warin mai, wasu kuma an ƙulle su a bakin zane har sun yi laushi kamar tsumma. Pampon ma'aikatarmu yana can ƙuryar tsakar gida, ba zai yiwu in bar mutane a layi in riƙa zarya zuwa wanke hannu ba. Wannan ne ya mayar da ni ga man tsabtace hannu, wanda kowa a nan yake kira jel. Mun san shi tun watan Maris na 2020, lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar, aka girke kwalabe a ƙofar kowane banki da kowace ma'aikata, sannan muka manta da shi da annobar ta lafa.

Iri biyu na gwada. Na farko a farmasi na saye shi, kwalba mai mililita 100, jika ɗaya. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne takardar da ke jikinta, domin an rubuta cewa alkol ɗin ciki etanol ne kashi 70 cikin 100, an rubuta ranar da zai lalace da lambar rukunin da aka yi shi. Adadin nan ba ado ba ne. Alkol yana aiki ne ta hanyar lalata kitse da furotin ɗin jikin ƙwayar cuta, kuma idan ya gaza kashi 60 cikin 100 ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai. Matar da ta sayar mini, da ta ga ina ɗiga ɗan mitsitsi a tafin hannu kamar mai tsoron ya ƙare, sai ta ce: "Malam, ba turare ba ne. Ka zuba yadda zai jiƙa hannun duka, ka bi tsakanin yatsu da babban yatsa da bakin farce, kada ka goge a riga, ka bar shi ya bushe da kansa." Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take koyarwa ke nan, a murza na sakan 20 zuwa 30.

A hannu wannan jel ya gamsar da ni. Yana da sanyi da farko, yana da warin asibiti wanda ke gushewa nan take, kuma idan ya bushe ba ya barin danƙo, abin da ke da muhimmanci ga wanda yatsunsa za su koma kan takardun kuɗi. Akwai gilisarin a ciki, saboda haka ko a tsakiyar hunturu fatata ba ta tsage fiye da yadda ta saba ba, sai dai duk inda akwai ɗan yanka ko faso, zafin da yake yi yakan sa mutum ya cije leɓe.

Aibinsa babba yana wajen lissafi ne, kuma mai sayarwa ba zai yi maka wannan lissafin ba. Shafawa ɗaya ta gaskiya tana cin wajen mililita 3, ke nan kwalbar ba ta wuce shafawa talatin da ƴan kai. A wurina kwana biyar ne ko shida. Idan ka ji wani yana yabon kwalbarsa cewa ta yi masa wata uku alhali kullum yana shafawa, to ƙanshi kawai yake shafawa. Daga baya na koma sayen babbar kwalba mai rabin lita ina ɗura wa ƙaramar, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyun a hannun wani yaro mai talla na saye shi a bakin kasuwa, dala hamsin, cikin kwalba mai launin ruwan hoda. Babu adadin alkol a jiki, babu ranar lalacewa, babu sunan wanda ya haɗa shi. Ƙanshinsa kamar alawa, yana daɗewa bai bushe ba, kuma bayan ya bushe yatsu sukan manne da juna, har na ga takardar jika biyu ta bi yatsana ta tashi daga kan tebur a gaban mai kuɗin. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a nan matsalar ta wuce ado. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa domin ƙananan masu sana'a sananne ne: etanol kashi 80 ko wani alkol ɗin mai suna isopropanol kashi 75, da ɗan gilisarin, da ɗan ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi, da tsabtataccen ruwa. Wanda ya bi wannan ƙa'ida ba shi da dalilin ɓoye abin da ya zuba. Kuma a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da wasu nau'o'in jel da aka samu da metanol a ciki, wanda guba ne mai iya makantar da mutum ko ya kashe shi idan ya sha. Ban ce na yaron nan yana da shi ba, amma abin da ba a rubuta ba ba ni da hanyar tantance shi, don haka na zubar.

Tun da na gane kowace shafawa kuɗi ce, sai na zaɓi lokutan da ta dace. Ba na shafawa bayan kowace takarda, domin ƙwayar cuta ba ta ratsa lafiyayyar fata haka kawai, sai hannun ya kai ta baki ko hanci ko ido. Ina shafawa idan zan kai wani abu baki a wurin aiki, ko da goro ne, da bayan na yi atishawa ko na fyace hanci, da bayan na sauka daga taksi ko faba-faba inda hannu ɗari ya riƙe ƙofar kafin nawa. Ina shafawa kafin in shiga duba mara lafiya a asibiti da bayan na fito, haka kuma a wurin suna kafin a miƙo mini jariri. A gidan biki ko zaman makoki, inda ake musabaha da mutum hamsin a jere, nakan jira sai na keɓe, domin fito da kwalba a gaban dattijon da ka gama gaisawa da shi yanzu rashin kunya ne, komai kyan niyyarka.

Inda jel ya ba ni kunya kuwa, laifina ne ba nasa ba. Wata rana na ci kilishi a ofis, yatsuna suka yi jawur da mai da yaji, na zuba jel na murza. Abin da ya faru shi ne man ya narke ya bazu har bayan hannu, yajin ya shiga wani ɗan yanka, na ƙare a bakin pampon da nake gudu. Jel ba ya ɗauke datti, kashe ƙwayoyi kawai yake yi a inda ya taɓa, kuma maiƙo da ƙasa suna tare masa hanya. Saboda haka ba shi da amfani ga wanda ya gama fiɗar rago ranar Layya, ko bakanike mai baƙin mai a hannu, ko mai lambu a bakin kogi da ya fesa maganin ƙwari, tunda ba ya cire guba daga fata. Bayan an fito daga makewayi, ko bayan an yi wa yaro tsarki, ko kafin a sa hannu cikin kwanon dambu tare da iyali, ruwa da sabulu ne magana. Wasu daga cikin masu kawo gudawa da amai, irin su norobairos da kiriptosporidiyam, alkol ba ya yi musu komai sosai, sai dai sabulu ya kwashe su ruwa ya tafi da su. Matsayinsa a wurina kamar na taimama ne, wadda ake yi idan babu ruwa, da ruwa ya samu kuma ta ɓaci. Wani abokin aikina ya taɓa tambayata ko zai iya salla da shi a hannu, na ce masa malamai da dama sun halatta shafa alkol a fata don tsabta ko magani, amma ya tambayi malaminsa, kuma ko ta yaya ba ya zama a madadin alwala.

Akwai abu biyu da aka rubuta da ƙananan haruffa a bayan kwalbar farmasin, alhali su ya kamata a rubuta da manya a gari irin namu. Na farko wuta. Muddin hannu bai bushe ba yana iya kamawa, harshen wutar alkol kuma da ƙyar ake ganinsa da rana, don haka kada a shafa a matsa kusa da gawayin mai shayi ko murhun gas ko a kyasta ashana. Na biyu zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, na manta kwalbar a ƙarƙashin kujerar babur daga safe har la'asar, na tarar ta kumbura, jel ɗin ya tsinke kamar ruwa, rabi ya tsiyaye cikin takardun babur. Yara ma a nisanta su da shi, musamman irin mai ƙanshin alawa, domin ƙaramin yaro idan ya kurɓi kaɗan yana iya galabaita.

Na farmasin nake ci gaba da saye, kuma shi nake nuna wa duk wanda aikinsa ya haɗa shi da kuɗi ko da jama'a kuma pampo ya yi masa nisa. Ƙorafin da ya rage mini na murfi ne. Maƙalarsa ta karye a mako na uku, kuma murfin da ba ya rufuwa da kyau yana barin alkol ya tsere a hankali ba tare da an lura ba. Yanzu a cikin wata tsohuwar kwalba mai murfin murɗawa nake ɗurawa, na liƙa mata takarda na rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewarsa, tana zaune cikin aljihun tebur kusa da robar ɗaure kuɗi.