Yadda aka faranta mini haƙorin da ya mutu a Garwa

Masu tambayata inda aka gyara mini haƙorin gaba, wani ƙaramin asibitin haƙori ne na kuɗi a nan Garwa. Aikinsu ya yi kyau, amma akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku je.

Faɗuwa na yi a babur, aka kashe jijiyar haƙorin aka cike shi. Bayan 'yan shekaru ya rine, ya koma ruwan toka tsakanin 'yan'uwansa. Gawayi, asuwaki, man goge bakin nan na babbar kasuwa mai hoton fararen haƙora, duk a banza, domin baƙin daga ciki yake. Likitar ta ce jinin da ya kwanta a ƙananan kafofin haƙori ne ke rina shi, wani lokaci kuma ragowar jijiya ko abin da aka cike shi da shi.

Abin da ya burge ni, ba ta taɓa komai ba sai da ta ɗauki hoto ta ga cikon saiwar bai yi yoyo ba. Sannan ta huda haƙorin ta baya, ta rage cikon kamar milimita 2, ta toshe bakin saiwar, don in maganin da za ta sa na sauya launin ya zurara ƙasa yana iya cinye ta. Ta kwaɓa wani farin gari, sodium perborate, ta cusa ta liƙe. Ko allurar kashe zafi ba a yi mini ba, tunda babu jijiya. Duk mako ake komawa a sake sabo, kuma tana kara wani jerin haƙoran roba masu launi daban-daban a bakina ta nuna mini a madubi inda launin ya kai.

Yanzu sai na nuna wa mutum da yatsa yake gane wanne ne. Goro dai an raba ni da shi, shayi ne muke ta ja-in-ja.

Inda suka gaza: lokaci ba ya da daraja a wajensu. A ce maka ƙarfe 9, kana kan benci har azahar, in wuta ta ɗauke kuwa sai wata rana. Kuma sai a ƙarshe aka gaya mini launin kan iya dawowa bayan shekaru, a sake aikin ko a sa wa haƙorin hula. Kuɗin da aka yanka mini da farko ma bai haɗa da cikon ƙarshe ba, wanda ake yi bayan kamar mako 2 da cire maganin. Ku sa a rubuta muku jimillar sefar tun ranar farko, har da hoton.