Kafin Ka Sayi Sabon Kaskon Baƙin Mai, Duba Mazaunin Inji

Mai tsohuwar mota yakan leƙa ƙasa ya ga kaskon baƙin mai, wato mazubin da man ke taruwa a gindin inji, ya goge, ko yana taɓa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, sai ya tafi neman wani kaskon. Sau da yawa kaskon ba shi da laifi. Robobin da inji ke zaune a kansu ne suka saki, injin ya zauna ƙasa.

Gane hakan ba wuya. Ja hambirki, ka taka birki sosai, ka sa giyar gaba, ka ɗan taɓa totur, wani yana kallon injin daga gefe, ba daga gaban mota ba. Ka maimaita da giyar baya. In injin ya yi tsalle ko ka ji ƙwal, mazauni ya mutu. Amma in jijjiga ce kawai lokacin da mota ke silo, a fara duba fulogi, don inji mai tsallake wuta ma haka yake girgiza sitiyari. In kuwa motar ce gaba ɗaya ta durƙusa, sifirin ne ya gaji.

To, wane irin mazauni za ka saya? Na roba zalla ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali yake tsattsagewa. Babban maƙiyinsa baƙin mai ne. In murfin saman inji na yoyo a kansa, sabon ma zai jiƙe ya yi laushi, don haka a toshe yoyon tukuna.

Mai ruwa a ciki ya fi shanye jijjiga, ya kuma fi tsada. Matsalarsa, da ya fashe ruwan ya tsiyaye sai ya lotse, alhali a ido kamar lafiyarsa ƙalau. Nemi sawun ruwa mai duhu a jikinsa, ko ka jera shi da sabo ka auna tsayinsu. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar sayen na hannu: shekarunsa sun kai na wanda ka cire, wani lokacin ma a fashe yake. In da mai ruwa motar ta zo, mayar mata da irinsa. Wasu sukan sa na roba zalla don sauƙi, kuma yana riƙe injin, sai dai kujera za ta riƙa rawa a duk tsayawa.

Na foliyuretan (wata roba mai tauri) da na ƙarfe zalla na masu tsere ne. Ba sa bari inji ya motsa sosai, amma duk ƙarar tana shigowa cikin mota.

Kada a canza ɗaya a bar ɗan'uwansa, kuma a duba na giyabos, don nauyin a kansu ya koma tun da na farko ya saki.

Sai an ɗaga injin ya koma tsayinsa za a yanke hukunci kan kaskon. Na alminiyum tsagewa yake yi, wannan sai canji. Na ƙarfe lotsewa yake yi, kuma nan haɗarin yake: tsakanin gindinsa da rariyar da famfo ke zuƙo mai bai fi milimita 6 zuwa 10 ba. Lotsewa kaɗan tana iya toshe rariyar. In fitilar baƙin mai ta kama bayan ka daki wani abu, kashe motar nan take, a kwance kaskon a duba.