Abin da muka samu daga kamfanin da ya shirya maɗaba'armu don tarbar annobar mura

Ni ke kula da harkokin yau da kullum na wata ƙaramar maɗaba'a a birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, inda mu 19 muke cin abinci, daga masu sarrafa injin har Baba mai gadi. A ƙarshen daminar bara mai wurin, wanda duk muke kira Alhaji, ya ɗauko wani ƙaramin kamfani da ke koyar da ma'aikatu yadda za su shirya wa annobar mura. Abin da ya same mu a 2020 ne ya tura shi. Tun daga watan Afrilun shekarar, da aka sanar cewa wani likita da ya rasu a Daura shi ne mutum na farko da korona ta kama a jihar nan, kulle ya biyo baya, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, takardarmu ta maƙale a Kano, muka shafe makonni muna kallon injin ba abin bugawa. Korona ba mura ba ce, amma duk ta hanyar numfashi suke yaɗuwa, kuma Alhaji ya ce ba zai yarda a sake ritsa shi haka ba.

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan yi ƙorafi. Yarjejeniyar ta ƙunshi zuwa duba wurin aiki, horo na yini guda, rubutaccen tsari, da kwalin kayan kariya, a kan kuɗin da ya yi kusa da albashin ma'aikatanmu biyu na wata. Ra'ayina tun daga farko shi ne, rabin kuɗin nan ya sayo mana abin da ya fi ƙarfin farashinsa, ɗaya rabin kuwa da mun riƙe abinmu.

Wadda ta zo duba wurin wata dattijuwa ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kuma ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Na yi zaton za ta zauna a ofis ta cike takarda, sai ta ajiye jakarta ta ce in zagaya da ita. Ta tsaya a gaban kular ruwan shanmu ta ɗaga kofin silba ɗaya tilo da ke ɗaure da igiya, ta tambayi mutum nawa ne ke sha da shi a yini. Ta taɓa tawul ɗin da masu injin ke goge hannu da fuska, wanda tawada ta riga ta mayar baƙi. Ta leƙa ɗakin ɗinki, inda mutum shida ke zama gwiwa da gwiwa suna naɗe takardu, ta ga tagoginsa biyu an toshe su da kwali. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da muka iso gaban babban injin sai ta ce da mai sarrafa shi, “Malam, ranar da ba ka zo ba, wa ke tayar da shi?” Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, ai ba ranar da ba na zuwa.” Ta rubuta wani abu a littafinta, muka wuce.

Sai ranar horo na gane abin da ta rubuta. Ta bayyana cewa hukumomin Amurka, a tsarinsu na shirin annobar mura, sun gina lissafi a kan cewa har kashi 40 cikin 100 na ma'aikata na iya kasa zuwa aiki lokacin da cutar ta kai ganiyarta, wasu don suna kwance, wasu don jinyar iyali, wasu don tsoro, kuma guguwa ɗaya kan ɗauki mako shida zuwa takwas a gari. Maimakon ta bar zancen a baki, sai ta sa aka rubuta sunayenmu a ƙananan takardu, aka zuba a hular Baba mai gadi, ta ce ƙaramin yaronmu ya zaro takwas. Duk wanda sunansa ya fito ya koma gefe ya naɗe hannu, ba ya magana. Cikin waɗanda suka fito har da mai babban injin da kuma akawunmu. Daga nan ta ce mu ɗauka wata makaranta ta kawo takardun jarrabawa tana so gobe, mu da muka rage mu nuna mata yadda za mu yi. Cikin minti goma asirinmu ya tonu. Ba wanda ya iya daidaita tawada da ruwa a injin, ba wanda ya san lambar sirrin kwamfutar da ake shirya shafuka, mabuɗin ɗakin ajiyar takarda yana aljihun wanda ke zaune a gefe, lambar dillalinmu na Kano kuwa tana cikin wayar akawu kaɗai. Alhaji, da ya zo da niyyar leƙawa ya fita, ya jawo kujera ya zauna. Wannan darasi shi kaɗai ya isa dalilin ɗauko su, domin shekara da shekaru muna tare da wannan ɓaraka ba mu taɓa ganinta ba.

Bayanin da ta yi kan cutar kanta gajere ne, kuma cikin Hausa mai sauƙi. Ta raba tsakanin murar da ke zagayowa kowace shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya duk shekara, da annobar da ke tashi idan sabon nau'in ƙwayar cutar ya ɓulla wanda jikin mutane bai san shi ba. Ta lissafo 1918 da 1957 da 1968 da 2009, ta ce ta 1918 ta shigo Najeriya ta tashar jirgin ruwan Legas a watan Satumba, ta bi layin dogo ta hau arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe kusan rabin miliyan a ƙasar nan. Ta tuna mana cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Najeriya aka fara ganinta a duk Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji cikin jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa haɗa rigakafin sabon nau'i kan ɗauki wata huɗu zuwa shida, kafin ma a yi zancen isowarsa Katsina, don haka guguwar farko da abin da ke hannunmu za mu tare ta.

Inda aka ja daga shi ne batun hutun rashin lafiya. Mutum bakwai a cikinmu 'yan aikin yini ne, ranar da ba su zo ba ba su da ko sisi. Hajiyar ta ce wa Alhaji, a gaban kowa amma cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, wanda tuwon gidansa ke rataye da zuwansa aiki ba zai zauna a gida don zazzaɓi ba, zai sha farasitamol ya zo, ya raba wa sauran.” Ta ƙara da cewa mai mura yana iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin alamu su bayyana, har zuwa kwana biyar ko bakwai bayan ya kwanta, kuma bai kamata ya dawo ba sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan magani ba. Alhaji bai ji daɗi ba, ya ce kowa zai wayi gari da mura idan aka ce za a biya. An kai ruwa rana kafin a tsaya a kan rabin kuɗin yini har kwana biyar, daga wani asusu da ake cire masa ɗan abu a kan kowane babban aiki. Ni a ganina rabi bai isa ba, amma da ba baƙuwa ce ta faɗa ba, ba mai ƙarfin halin tayar da maganar a cikinmu.

Ta kuma yi dabara a kan man goge hannu. Biyu daga cikin dattawanmu sun ƙi taɓa shi saboda an ce da sinadarin barasa ake yin sa. Ba ta shiga gardamar hukunci da su ba, ta ce wannan na malamai ne. Ta dai tabbatar musu cewa man ba ya aiki sai sinadarin ya kai kashi 60 cikin 100, kuma sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 sun wadatar, sun ma fi dacewa da hannun da ya sha tawada da maiƙo. Aka ajiye bokiti mai famfo a bakin ƙofa da wani kusa da wurin alwala. Shi wannan bokitin, ashe, wata ƙwararriyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro shi, shi ya sa ake kiransa da sunanta. Ta koya wa mai sharar wurin haɗa ruwan goge hannun ƙofa da tebura: idan kwalbar bilic ta nuna kashi 3.5, ludayi ɗaya a cikin ludayi 34 na ruwa, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya da wani sinadarin, kada kuma a kusanci ƙarfen injin da shi domin yana cin ƙarfe.

Daga nan ne yabo ya ƙare. Rubutaccen tsarin da suka aiko bayan mako uku shafi 26 ne da Turanci, kuma da ganinsa ka san ba hannun Hajiyar ba ne. An ware shafi huɗu ga yadda ma'aikata za su riƙa aiki daga gida ta intanet. Mu kuwa in ban da mai shirya shafuka a kwamfuta, wa zai ɗauki injin yanka ya kai gida? Shi ma ɗin, da wace wutar zai yi aikin? Akwai wurin da aka manta ba a goge zancen na'urar ɗumama ɗaki ba, wanda ya nuna daga inda aka kwafo takardar. Mun roƙa a ba mu taƙaitawa da Hausa mai shafi ɗaya da za mu manna a bango, aka ce to, har yau shiru, ni na zauna na rubuta da kaina daga abin da na riƙe a ranar horo.

Babban ƙorafina shi ne kan iska. Tsarin ya ce a buɗe tagogi, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa aikin ɗab'i a Katsina ya san dalilin toshe su: ƙurar hunturu idan ta sauka a kan tawadar da ba ta bushe ba, aikin ya lalace, kuma hunturun nan shi ne lokacin kalanda da katin biki, lokacin da ɗakin ya fi cika, lokacin da tari da majina suka fi yawa. Wannan ita ce ainihin matsalar wurinmu, kuma Hajiyar ta gan ta da idonta, amma ba wanda ya zauna ya nema mana mafita. Mu da kanmu muka fitar da aikin naɗi da ɗinki zuwa rumfar tsakar gida, muka sa raga mai ƙananan idanu a tagogin, muka kafa fanka mai zuƙo iska waje a bangon ɗakin injin.

Kwalin kayan kuwa, da na bi Babbar Kasuwa na tambayi farashi, na tarar an ninka mana kuɗin yawancinsu. Takunkuman da aka buga wa N95, wato alamar masu tace iska sosai, ba su da sunan kamfanin da ya yi su, igiyoyinsu na tsinkewa da ja ɗaya. Na'urar auna zafin jiki ta goshi tana ba da 34 ga wanda ya sauko daga babur da sanyin safiya, ta ba da 38 ga wanda ya tsaya a rana. Ko da tana aiki daidai, bayanin da Hajiyar ta yi da bakinta ya rage mata daraja, tun da mai cutar yana iya wucewa ta ƙofa kafin jikinsa ya yi zafi.

Akwai kuma abin da tsarin ya tsallake baki ɗaya, wato rayuwarmu ta wajen injin. Idan ɗayanmu ya kwanta, ɗunguma muke yi mu tafi dubiya, mu cika ɗakin. Abincin rana a faranti ɗaya muke ci. Baba mai gadi yana kiwon kaji da zabi a bayan gini, abin da ya kamata ya ja hankalin wanda ya gama ba mu labarin Jaji. Duk waɗannan a baki kawai aka taɓa su, shi ma don mun tambaya. Amsar da Hajiyar ta ba mu ta yi ma'ana: a wakilta mutum ɗaya ya kai gaisuwa da gudummawa, sauran su buga waya, kazar da ta mutu haka kawai kada a taɓa ta da hannu, a sanar da jami'an dabbobi, mai tsananin haki ko ciwon ƙirji, musamman mai ciki ko tsoho ko mai ciwon suga, a kai shi asibiti kai tsaye, domin maganin mura na oseltamivir ya fi amfani cikin awa 48 na farko, antibayotik ɗin da ake saya a kemis kuwa ba ya kashe ƙwayar mura. Duk wannan babu ko layi ɗaya a cikin shafi 26 ɗin.

A watan Janairu murar hunturu ta yau da kullum ta gwada mu. Mutum biyar suka kwanta cikin kwana goma, har da mai babban injin, wanda ya ce ba ranar da ba ya zuwa. Mataimakin da aka sa ya riƙa koyo a hannunsa awa ɗaya kowace Asabar shi ya tayar da injin, ya ɓata rim biyu na takarda kafin launi ya zauna, amma kalandar ta fita a kan lokaci. Biyu daga cikin 'yan aikin yini sun karɓi rabin kuɗinsu sun zauna a gida, ɗaya kuwa ya ɓoye nasa ya zo, sai atishawa ta tona shi. Ziyarar bibiya da kamfanin ya yi alkawari bayan wata uku ba ta tabbata ba sai da na kira sau uku, kuma wanda aka turo wani saurayi ne da ya zo da jerin farashin sababbin kaya.

Ga mai gidan burodi ko injin casa ko makaranta da ke tunanin ɗauko irin wannan kamfani, shawarata ita ce ya biya kuɗin dubawa da horo kawai, ya sa sharaɗi a rubuce cewa wanda ya zagaya wurin shi zai rubuta tsarin, da Hausa, kada ya wuce shafi biyu, sannan ya riƙe wani kaso na kuɗin sai an dawo bibiya. Kayan kariya ya aiki yaronsa kasuwa ya sayo. Mu dai yanzu kowa da kofinsa mai alamar fenti, lambar dillalin Kano da ta mai kawo dizal suna manne a jikin ƙofar ofis, sai dai kajin Baba har yanzu suna nan a bayan gini, domin ba wanda ya samu fuskar ce masa ya kwashe su.