Dashen lemun da na saya gun Baba Dakta, shekara huɗu ke nan

Tun da lambuna ya fara ba da lemu mutane ke tare ni da tambaya ɗaya, a ina ka samo dashen nan, to bari dai in zauna in faɗi komai da komai, da mai daɗin da marar daɗin, don kar wani ya je ya dawo ya ce ban gaya masa ba.

Gurin yana kan hanyar Zariya ne, in ka wuce Kura sai ka saki kwalta ka yi ta kutsawa cikin gonaki, babu allo babu komai, rumfar zana ce da ragar inuwa da ledoji jere reras sai wani dattijo mai farin gemu da kowa a yankin ke ce wa Baba Dakta. Ni da na ji Dakta na ɗauka likitan dabbobi ne ma. Ashe mutumin ya ƙare rayuwarsa ne a wata cibiyar binciken noma, kuma aikinsa kusan shekara talatin abu ɗaya ne, yadda tsiro ke shan ruwa da yadda yake yi in ruwan ya yanke, da ya yi ritaya sai ya tattara kuɗin sallamarsa ya buɗe gandun dashe.

Kafin in je gunsa na riga na ƙona hannuna sau ɗaya. A 2020 na sayi dashe 20 a bakin titi, irin waɗanda ake jerawa ana cewa ɗan aure ne wallahi ɗan aure ne, kuma da gaske an yi musu auren, amma ban tambayi a kan me aka ɗora su ba don ban ma san ana tambaya ba. Shi ne abu na farko da Baba ya jefo min ranar da na je a watan Mayun 2021. Na ce Baba Balansiya nake so, wani irin lemon zaƙi, guda 40, ya dube ni ya ce ɗana, Balansiya ai saman ne, gindin fa? Na yi shiru. Ya ce zauna.

Zaman nan sai da ya kai mu la'asar, kuma gaskiya shi ne abin da na fi amfana da shi a gurin, fiye da dashen ma. Ya ce lemu ɗan aure itace biyu ne aka haɗa, na sama shi ke ba ka 'ya'yan da kake so, na ƙasa shi ke neman ruwa da abinci, to maganar jure fari kusan duk ta na ƙasan ce. Ya ɗauko wuƙa ya nuna min yadda ake tsaga ɓawon gindin a cusa ido ɗaya tal da aka yanko daga uwar bishiya a naɗe da leda, ido ɗayan nan shi zai zama duk bishiyar da za ka gani. Gindi iri uku yake renawa, akwai Rangfur, akwai wanda suke ce wa raf lemon, wato lemon tsamin nan mai kaushin baya, sai Kiliyofatira wanda dangin tanjirin ne. Biyun farko saiwarsu na nutsawa sosai suna da ƙarfin janyo ruwa. Kiliyofatira kuma ya fi jure gishiri a ƙasa amma yana da nawar fara haihuwa.

Na ce to a ba ni Rangfur duka mana tunda shi ne gwani. Ya ƙi. Wai a Burazil, ƙasar da ta fi kowa noman lemon zaƙi a duniya, da can a kan lemo mai ɗaci suke ɗora nasu, sai wata cuta da suke kira tirisiteza, ma'anarta baƙin ciki, ta shigo a shekarun 1930 zuwa 1940 ta kashe bishiyoyi miliyoyi, suka koma kan Rangfur saboda yana jure fari kuma yawancin gonakinsu a ruwan sama suka dogara, ana nan sai a 1999 ga wata cutar kuma ta ɓullo wadda ke kashe bishiya farat ɗaya, kuma na kan Rangfur ɗin ta fi kamawa. Ya ce mutanen da ke da kuɗi da masana sun ci wannan dukan har sau biyu, kai da ke da ɗan lambu raba ƙafa. Ya rubuta min 25 a kan Rangfur, 15 a kan raf lemon.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai labarin aikinsa ne. Akwai wata tsohuwar tukunyar ƙarfe a ɗakin ajiyarsa mai agogon awo a jiki, ya ce da irinta ya yi aikin rayuwarsa, wani masani mai suna Scholander ne ya fito da ita a 1965. Sai ka tsinko ganye ka sa a ciki ka bar tsinken a waje ka rufe gam, ka riƙa ɗura iska a hankali har sai ka ga ɗigon ruwa ya leƙo ta bakin tsinken, iya yawan iskar da ka ɗura kafin ruwan ya fito iya ƙishin da bishiyar ke ciki. Kuma awon da ya fi faɗin gaskiya na kafin fitowar rana ne, don haka ya ce shekara da shekaru a tsakiyar gona yake sallar asuba da tocila a aljihu. Wani sa'in gas ya ƙare a yi wata ba a samu ba, gwajin shekara guda ya tashi a banza, albashi kuma ga shi nan dai. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa tausayi ya ba ni, mutum ya yi wannan wahalar amma manoman da aka yi dominsu ba mu taɓa jin labari ba.

Shi ya fahimtar da ni cewa a bayan ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga ta nan ruwa ke fita, in ƙasa ta fara bushewa saiwa na aika wani sinadari sama, su suna ce masa ABA, ƙofofin su rufe. Bishiya ta tsira da ruwanta amma girma ya tsaya, don ta ƙofar da ta rufe ɗin take samun abin haɗa abinci. Saboda haka wai jure fari ba yana nufin za ta yi maka 'ya'ya babu ruwa ba ne, yana nufin ba za ta mutu da wuri ba kafin ka dawo hayyacinka. Lemu na buƙatar ruwa kamar milimita 900 zuwa 1200 a shekara, mu kuwa namu ko ya yi yawa a wata huɗu yake zubowa, Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas ɗin kai ne damina.

To yanzu marar daɗin. Na ba da kafin alƙalami a Mayu aka ce in dawo bayan sati uku, ban karɓi kayana ba sai ƙarshen Yuli, na yi zuwa huɗu, ga hanyar in an yi ruwa sai ka yi da gaske. Baba ba ya ɗaga waya, in ya ɗaga ma cewa zai yi idon bai kama da kyau ba tukuna ba zan ba ka abin da zai kunyata ni ba. Na yarda da hujjar amma ai sai a faɗa wa mutum tun farko. Ba sa kai wa mutum gida, a-kori-kura na ɗauko da kuɗina, kuma ba sa karɓar tiransifa sai tsaba don sabis babu a gurin. Kuɗin dashen kansa ya ninka na bakin titi har da ɗoriya. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne alama, yaran gandun da maka suke rubuta sunan gindi a jikin leda, kafin mu iso ruwa ya wanke rabi, yau haka akwai bishiya wajen 8 da ban tabbatar a kan me suke ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta lamba a takarda bai kamata a ce gandunsa ba shi da ɗan ƙarfen alama ba, kuma na faɗa masa a gabansa, ya ce ka yi gaskiya ɗana, amma da na koma bara maka ɗin dai na tarar.

Shawarar dashe kuma kyauta ya ba ni kuma ta yi aiki. Gurin auren ya tsaya sama da ƙasa kamar taƙi guda, kar a binne shi. A yi wa gindi ɗan tudu a zagaye shi da kwari yadda ruwa ba zai riƙa taɓa jikin itacen ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da gurin auren a fige shi tun yana ɗanye, in ka bari shi zai rinjayi na saman ka wayi gari da bishiyar ƙaya mai lemon tsami, wannan ya faru da ni a guda biyu kuma laifina ne ba nasa ba. Ruwa kuma a ba shi ya ƙoshi a bar shi kwanaki, ya fi yayyafin kullum da ke sa saiwa ta zauna a sama tana jira. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa a gindi don riƙe laima, ya riƙe kam, sai dai gara ta samu gida, sai da na janye shi nesa da jikin itacen. Kuma ya ce in daina firgita in na ga ganye ya nannaɗe da rana tsaka, in je da asuba in duba, in ya ware lafiya lau, in har da asuba yana naɗe to a tada inji.

Jarrabawar gaske ta zo a azumin 2024. Kowa ya san zafin da aka yi a ƙarshen Maris zuwa Afrilun nan, ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin da ya zama, dama ina ta tsimin ban-ruwa, sai injina ya buga ana cikin goman ƙarshe, mai gyara ya kwance shi ya tafi garinsu sallah. Kwana 11 lambun bai ga ruwa ba sai ɗan abin da yara suka ɗebo a jarka. Na bakin titi da suka rage min 14 a lokacin, 5 suka bushe ƙurmus, sauran suka zubar da ganye kamar an yi musu aski. Na Baba sun yi yaushi, sun zubar da 'yan ƙananan 'ya'yan da suka ɗaura, amma ko ɗaya bai mutu ba, kuma da ruwa ya dawo ba a yi sati huɗu ba sai ga fure fari fat, ƙamshi har bakin hanya.

Na je da murnata ina ba shi labari, wallahi sai mutumin nan ya ƙi karɓar yabon. Wai wannan ba gwaji ba ne, na titin suna ɓangaren jigawa nasa suna inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, shekarunsu ba ɗaya ba, kuma ban san gindin na titin ba balle a kwatanta. Mai sayar da kaya fa ke nan ana yaba kayansa yana kawo ƙa'ida! Furen kuma ya ce ba abin mamaki ba ne, a ƙasa mai zafi ƙishi ne ke sa lemu ya shirya fure, har ma a Sisili ta Italiya da gangan manoman lemon tsami ke hana bishiya ruwa a tsakiyar zafi sai ta yi yaushi sannan su sakar mata, ta yi furen da ba na lokacinsa ba su samu lemon da za su sayar a zafin baɗi lokacin da yake tsada. Ya ce amma kar ka ce za ka kwaikwaya da bishiyar shekara uku.

Hasarar da na yi a nasa ba ta fari ba ce ma, ta ruwa ce. A daminar 2022 guda 3 da ke kwarin lambun suka fara tsatsar da ƙaro a gindi, ɓawo ya ruɓe suka tafi, kuma cikin waɗanda alamarsu ta tsira na ga raf lemon ne, dama ya gargaɗe ni cewa ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa. Ya maye min biyu kyauta, na ukun ya ce ni na dasa a inda ya hana.

Maganar ɗanɗano kuma sai a hankali. Girbin farko na kirki a bara na yi, 'ya'yan manya ne masha Allah amma wasu ɓawonsu da kauri kuma zaƙin bai kai yadda na zata ba, uwargida ta ce na kasuwar 'Yan Lemo da ake kawowa daga Benuwai ya fi, na ji haushi amma ban musa ba. Baba ya ce halin gindi mai ƙarfin shan ruwa ke nan, musamman raf lemon, yana cika ɗa da ruwa zaƙin ya ragu, kuma bishiya ƙarama dama ɗanta bai cika daɗi ba sai ta manyanta. Launi kuma kar wanda ya jira ya ga ruwan ɗorawa irin na talabijin, sai dare ya yi sanyi ɓawo ke juyawa, namu yakan nuna yana kore shar, waɗanda suka riski hunturu ne suka ɗan yi ja-ja.

In lambunka fadama ce mai kwanciyar ruwa ban ga dalilin da za ka biya wannan kuɗin don gindin fari ba, gara ka gaya masa gaskiyar ƙasarka ya zaɓa maka wani ko ya ce ka haƙura, don yana iya cewa hakan, a gabana ya hana wani Alhaji sayen guda 100 da ya ji ba shi da rijiya. In kuwa irin tawa ce, tudu da bohol da injin da ba shi da tabbas, to ka je, amma ka je tun Maris ka ba da oda, ka tafi da tsabar kuɗi, ka ware yini guda don ba za ka fito da wuri ba. Ni bana tanjirin 10 na sa ya ɗora min a kan Kiliyofatira, kuma na riga na yanka gwangwanin maltina na huda na rubuta da ƙusa, da hannuna zan ɗaura wa kowanne kafin a loda a mota.